Nahawu, Adabi da Rubutu: Abin da Ɗanka ke Koyo a Koleji

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ko'ina cikin ƙasa, maza da mata. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kiyeshe, kudu da Dogon Dutsi, da sauran garuruwan Arewa har zuwa Tibiri.

Maganarmu ta yau a kan yaranku ce, waɗanda suka gama ƙaramar lakol suka wuce gaba. Ka sani ƙaramar lakol shekara 6 ce. Bayanta sai koleji, shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC. Wanda ya ci sai ya wuce lise, shekara 3, a ƙarshenta a yi jarrabawar bak.

A duk waɗannan shekaru akwai darasin da ba ya rabuwa da yaro, shi ne darasin harshe. Kashi uku gare shi: nahawu, da adabi, da rubutu. Yaron da ya yi rauni a nan, raunin yakan bi shi cikin tarihi da lissafi da sauran darussa, don kowace tambaya a rubuce take zuwa, kuma a rubuce ake amsa ta. Yaro yakan san amsa a cikinsa, ya kasa shimfiɗa ta bisa takarda. Sai ya faɗi jarrabawa, wahalar shekara goma ta tashi a banza.

Watakila ka ce: "Ni da bara na fara haɗa baƙi, ina ruwana da karatun koleji? Da Faransanci ake yin shi, ni kuwa ban ji ba." To, saurara. Abubuwan nan uku, tushensu yana cikin bakinka tun kafin yaron ya ga ƙofar lakol. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: NAHAWU

Kalmar nahawu daga Larabci muka aro ta, malaman zaure sun san ta. Ma'anarta dokokin da harshe ke tafiya a kansu. Kowane harshe yana da nasa. Hausa tana da nata, Zabarmanci yana da nasa, Faransanci ma haka.

Kai da ba ka taɓa buɗe littafin nahawu ba, ka san nahawun Hausa. Ga shaida. Idan baƙo ya zo kasuwa ya ce "akuya ya gudu", har yara sai sun yi dariya. Don me? Don kowa ya san "akuya ta gudu" ake cewa, "rago ya gudu". Wannan doka ce. Masu nahawu suna kiranta jinsi, wato namiji da mace. A Hausa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne: riga, gona, rijiya, kasuwa. Amma akwai waɗanda suka fanɗare: gida, ruwa, nama, suna. Ba wanda ya zaunar da kai ya karanta maka wannan, duk da haka ba ka taɓa cewa "gida ta faɗi" ba.

Faransanci ma yana da namiji da mace, sai dai rabonsa dabam ne. Mu muna cewa "rana ta fito, wata ya tsaya". Su kuwa rana namiji ce a wurinsu, wata mace. Yaron da aka nuna wa haka zai gane cewa "le" da "la" da suke ba shi wuya ba wani sihiri ba ne. Ƴan'uwan "ya" da "ta" ne.

Ga doka ta biyu, dokar lokaci. Dubi waɗannan: na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. Da jin su ka san wanda ya wuce, da wanda ake ciki, da mai zuwa, da na yau da kullum. A Hausa, ƴar ƙaramar kalmar da ke gaban aiki ita ke nuna lokaci. A Faransanci kuwa wutsiyar kalmar aikin ce ke sakewa. Wannan shi ne abin da yara ke haddacewa da dare, suna ta maimaitawa kamar masu tilawa.

Ga ta uku, wadda Hausa ta yi fice a kanta. Dubi kalma guda yadda take juyawa:

Ya sayi gero.
Ya sayo gero.
Ya saye gero.
Ya sayar da gero.

Na farko saye ne kawai. Na biyu ya saya ya kawo nan. Na uku bai rage ko tiya ɗaya a kasuwa ba. Na huɗu kuwa geron ya bar hannunsa. Harafi ɗaya ko biyu aka sake, magana ta sake gaba ɗaya. Harshen da ke da irin wannan tsari ba a ce masa harshen kasuwa kawai.

To, yaya malamin kirki ke koyar da nahawu? Ba ya fara da doka. Da misali yake farawa. Yakan rubuta jimla huɗu ko biyar bisa allo, ya ce wa yara: "Ku duba, me ya sake? Me bai sake ba?" Yara su yi ta lalube har su gano dokar da kansu. Sa'an nan ya gaya musu sunanta: wannan suna ne, wannan aikatau, wannan sifa, wannan wakilin suna. Daga ƙarshe kowane yaro ya ƙera tasa jimlar. Dokar da yaro ya gano da kansa takan zauna. Wadda aka ba shi ya haddace, da an gama jarrabawa takan tashi kamar raɓa.

Akwai abu guda da ya kamata mutanen Arewa su riƙe. A nan ana cewa "shina tahiya", a Kano ana cewa "yana tafiya". A nan "hili", can "fili". Ba wanda ya yi kuskure. Karin harshe ke nan, kowace ƙasa da nata. Amma wajen rubutu an shirya hanya guda, don takardar da aka rubuta a Kiyeshe a karanta ta a Damagaram ko a Katsina ba tare da tuntuɓe ba. An daɗe ana wannan aiki. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don tsara baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1980 masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna a Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. Shi ya sa muke matsa muku a kan baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. "Kafa" dabam, "ƙafa" dabam. "Bata" dabam, "ɓata" dabam. Wannan ƴar ƙugiya ita ma nahawu ce.

NA BIYU: ADABI

Adabi shi ne maganar da aka yi wa ado don ta daɗe. Iri biyu ne: na baka da rubutacce. Na baka kun fi kowa saninsa: gatana, wato tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana, da kirarin ƴan kokowa, da waƙar daɓe, da waƙar niƙa. Rubutacce shi ne wanda aka sa a littafi: ƙagaggen labari, da rubutacciyar waƙa, da wasan kwaikwayo.

A koleji malami yakan ba yara shafi guda su karanta, sa'an nan ya yi musu tambayoyi. Wa ke magana? Me ya faru, a ina, yaushe? Don me wannan mutum ya yi abin da ya yi? Me mai labarin ke son mu gane? A lise ana ƙara wata tambaya, wadda ta fi su wuya: ta wace dabara marubucin ya sa muka ji tausayi, ko dariya, ko tsoro?

Duba da kyau. Tambayoyin nan su ne waɗanda tsohuwa ke yi wa jikokinta bayan ta gama gatanar Gizo da Ƙoƙi. Wa ya yi wayo? Wa aka cuta? Ina wayon Gizo ya kai shi? Yaron da ya saba da wannan a tsakar gida, in ya shiga aji ya riga ya san hanya. Harshen ne kawai baƙo.

Ku mutanen Arewa kuna da babban misali a ƙofar gidanku. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta auka wa garin Lugu. Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya suka yi yaƙi. Shekara da shekaru labarin yana bakin tsofaffi. A 1980 wani marubucin Nijar, Abdoulaye Mamani, ya mai da shi littafi da Faransanci mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin fim, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Ka ga yadda labarin wani gari na ƙasar Dogon Dutsi ya zagaya duniya, don wani ya zauna ya rubuta shi.

Amma akwai darasi na biyu a nan. Littafin Mamani ƙagaggen labari ne. Ya ɗauki abin da ya faru, ya ƙara abin da hankalinsa ya ba shi, ya sa wa mutane magana a baki, kamar yadda kowane mai ƙaga labari ke yi. Malamin kirki zai ce wa yaro: "Karanta littafin, sa'an nan ka je ka tambayi kakanka abin da ya ji. Ina suka haɗu? Ina suka rabu?" Ta haka yaro ke koyon rarrabe tarihi da ƙage. Ta haka kuma yake koyon cewa ba duk abin da aka buga a takarda ba ne za a haɗiye ba tauna. A zamanin nan da labarai ke yawo cikin wayar salula, gaskiya da ƙarya a gauraye, wannan ilimi ya fi da amfani.

Kada kuma yaro ya ɗauka sai labarin birni ko na Turai ne ya isa shiga littafi. Camara Laye na ƙasar Gine ɗan maƙeri ne. Littafin da ya fitar a 1953 a kan yarintarsa yake, da maƙerar ubansa, da girbin shinkafa a ƙauyen kakarsa. An karanta shi a makarantun ƙasashe da yawa. Maƙerar Kiyeshe ba ta kasa ta Gine ba.

Da Hausa ma akwai littattafai. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai a Zariya. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan haka Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A Nijeriya ƴan makarantar sakandare suna karanta adabin Hausa da nahawunta, har su yi jarrabawa a kansu. Idan ɗan'uwanka zai tafi Sakkwato ko Birnin Kebbi, ka sallahe shi ya sayo maka ɗaya daga cikinsu. Kai da ɗanka ku karanta tare.

NA UKU: RUBUTU

Nan ne gizo ke saƙa. Ba kyan hannu muke nufi ba. Muna nufin mutum ya ɗauki abin da ke ransa, ya jera shi bisa takarda, har wanda ba ya nan ya karanta ya gane.

Magana da rubutu ba ɗaya ba ne. Idan kana magana, fuskarka tana taimakonka, hannunka yana taimakonka. In abokin hira bai gane ba sai ya ce "me ka ce?" Takarda kuwa ita kaɗai take tafiya. Ba ta da fuska, ba ta da murya. Shi ya sa aka yi aya, da waƙafi, da alamar tambaya. Ga misali. Ɗanka yana Kwatano ko Legas wajen cin rani, ka rubuta masa:

Kuɗin sun iso.
Kuɗin sun iso?

Na farko ka kwantar masa da hankali. Na biyu tambaya kake yi. Ƴar alama guda ta raba su. In ka saka wadda ba ita ba, sai a yi wata guda ana zargin wanda aka aika.

A makaranta ana koyar da rubutu mataki mataki. Akwai dikte: malami yana faɗi, yara suna rubutawa, don hannu ya saba da ƙa'ida. Akwai ba da labari, da siffanta wuri ko mutum, da rubuta wasiƙa. A lise kuma akwai rubutun muhawara: a ba yaro magana guda, ya auna ta ta kowane gefe, ya yanke hukunci da hujja.

Kowane irin rubutu ne, gaɓa uku gare shi: gabatarwa, da gundarin magana, da kammalawa. Wannan ma ka san shi. Tuna yadda dattijo ke kai ƙara gaban maigari. Yakan yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice. Sa'an nan ya jero yadda abin ya faru daki daki, ya ambaci shaidunsa. Daga ƙarshe ya faɗi abin da yake roƙo. Wanda ya fara da ƙarshe, ya koma tsakiya, ya tsallaka farko, ko da gaskiyarsa sai a ce ya koma ya shirya maganarsa.

A ce malami ya ba da wannan tambaya: "Saurayi ya tafi cin rani, ko ya zauna ya yi lambu a fadama, wanne ya fi?" Yaron da aka koya wa aiki ba zai faɗa wa takarda nan take ba. Ga yadda zai yi:

1. Zai tara abin da ya sani. Me mai tafiya ke samu, me yake rasawa? Me mai lambu ke samu, wace wahala yake sha wajen ruwa da iri da kasuwa?
2. Zai jera su, na tafiya gefe guda, na zama gefe guda, kowace hujja da misalinta.
3. Zai yi rubutun farko a takardar gwaji.
4. Zai karanta abin da ya rubuta kamar wani ne ya rubuta shi, ya gyara.
5. Sa'an nan ya kwafe shi da tsabta.

Ka ga hujjojin nan ba a littafi suke ba. Suna wurin uban da ya taɓa cin rani, da uwar da ta riƙe gida har ya komo.

Wata magana a kan jan bik. Idan ka buɗe kayen ɗanka ka ga ja ko'ina, kada ka ɗauki bulala. Jan bik alama ce malami ya karanta. Abin dubawa shi ne, kuskuren da aka ja wa layi a wannan wata, ya sake dawowa a wata mai zuwa? In bai dawo ba, yaro yana ci gaba, ko da makinsa bai kai 10 bisa 20 ba tukuna. Kayen da ya kamata ya dame ka shi ne wanda ba rubutu a cikinsa, ko wanda ba a taɓa dubawa ba.

HARSHEN GIDA DA HARSHEN LAKOL

Wani zai ce: "In muka sa yaro cikin Hausa, ba za mu ɓata masa Faransancinsa ba?" A'a. Yaro sau ɗaya yake koyon jera tunani. In ya iya da harshen uwarsa, zai ɗauke shi ya kai cikin kowane harshe. Wannan ba sabuwar magana ba ce a ƙasarmu. Tun 1964 Abdou Moumouni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, ya nemi a ba harsunan Afirka wurinsu a makaranta. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Amma doka ba ta rubuta littafi da kanta. Harshe yana bukatar masu rubuta shi daidai: malamai, da ƴan jarida, da masu fassara a asibiti da gidan shari'a. Daga cikin yaran da ke koleji yau za su fito. Wanda ya iya harshe biyu a rubuce, ya riƙe igiya biyu.

ABIN DA ZA KA IYA YI A GIDA

Ba a ce ka zama mushe ba. Ga abu biyar da ba su fi ƙarfinka ba:

1. In yaro ya dawo, ka ce ya ba ka labarin abin da suka karanta, da Hausa. Wanda ya iya mai da shi Hausa ya gane shi. Wanda ya kasa, hadda kawai ya yi.
2. Ka yi masa gatana ko karin magana, ka tambaye shi ma'anarta. In ya faɗa, ka ce: "Mece ce hujjarka?"
3. Ka sa shi ya rubuta wa ɗan'uwa na nesa wasiƙa, maimakon a aika murya ta waya kullum. Ya karanta maka da ƙarfi kafin a aika. Inda numfashinsa ya tsaya, nan wurin aya ne ko waƙafi.
4. Ka ba shi lokaci da haske, ko awa guda ce bayan sallar isha'i. Ke uwa, ki tuna da ƴarki. Yarinyar da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, barci ne zai ɗauke ta bisa kaye. A rage mata aiki a kwanakin makaranta.
5. Ka je ka gaida malaminsa ko sau ɗaya a shekara, ka tambaye shi inda yaron ya yi rauni cikin ukun nan. Yanzu ka san sunayensu.

Kuma kada ka ji kunyar buɗe naka kayen a gabansa. Yaron da ya ga ubansa mai furfura yana fama da baƙaƙe a gindin fitila, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan amfanin karatu ba.

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya nemi karin magana guda uku, ya rubuta su a kayensa da aya da waƙafi. A ƙarƙashin kowace ɗaya ya rubuta ma'anarta cikin jimla biyu. Mai ɗa a koleji ya ba shi ya duba, shi kuma ya duba na ɗan. Ku kawo wa malaminku ranar karatu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.